Gyaɗa, Tsando da Sarkin Ingila: Darasin Halitta da Kishin Ƙasa a Karatun Yaran Arewa Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Daga Mahangar Kaduna



Tsakanin 1939 da 1945 an ɗora wa ɗan makarantar boko a Arewacin Nijeriya darussa biyu a lokaci guda. Na farko shi ne ya san abin da ke kewaye da shi: yadda iri ke tsira, yadda sauro ke hayayyafa a ruwan da ya kwanta, abin da ke sa gona ta gaji har ta daina bayarwa. Na biyu shi ne ya yi biyayya ga Sarkin Ingila Joji na Shida, ya ƙi Hitila, ya kuma ɗauki yaƙin da ake gwabzawa a Habasha da Bama tamkar nasa. Hukuma ta so darasin farko ya yi wa na biyu hidima, wato yaro ya san gyaɗa domin ya noma wa daular Ingila gyaɗa. Abin da wannan takarda take son tabbatarwa shi ne cewa haɗin bai haifar da abin da aka ƙulla shi dominsa ba. Biyayyar ta warware cikin 'yan shekaru kaɗan bayan an ajiye makamai, sanin ƙasar kuwa ya zauna a zukatan ɗaliban, ya zama ɗaya daga cikin tushen wani kishi dabam wanda Turawa ba su yi niyyar shukawa ba. Dalili kuwa shi ne darasin halitta yana zuwa da shaidar da yaro zai gani da idonsa, darasin biyayya kuma sai dai a gaya masa ya karɓa.

Za a iya tambaya, me ya kawo Kaduna cikin zancen, alhali a Zariya ake rubuta littattafan Hausa na makarantu? Amsa ita ce a Kaduna, musamman ɓangarenta na arewacin kogi, makaranta da bariki da ofishin hukuma suka fi kusantar juna. Tun 1917 garin yake hedikwatar Lardunan Arewa, nan manyan jami'an ilimi suke tsara abin da za a koyar daga Sakkwato har Yola, nan kuma babban sansanin rundunar sojan Nijeriya yake. A 1938 aka ɗauke Kwalejin Katsina aka dawo da ita nan, ta koma Kwalejin Kaduna, kafin a sake mayar da ita Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Shekarunta na Kaduna kusan duka shekarun yaƙi ne da abin da ya biyo bayansa, kuma yaƙin ya taɓa ta kai tsaye, domin soja sun karɓe gine-ginenta, ɗalibai suka ci gaba da karatu a wurin wucin gadi. Ɗalibin da aka tasa daga ajinsa domin soja su shiga ba ya bukatar jarida ta gaya masa ana yaƙi. Yana ganin ƙurata suna maci, yana ganin jiragen ƙasa suna tahowa daga Kano maƙare da buhunan gyaɗa suna tsallaka gadar kogi zuwa bakin teku. Har yau sunayen barikokin Kalapanzin da Dalet suna ɗauke da sunayen wurare a Bama inda sojojin Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa.

Darasin halitta ya riga yaƙin shiga aji. A 1925 Ofishin Mulkin Mallaka a Landan ya fitar da takardar manufar ilimi ga ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Ingila, wadda ta ce a daidaita karatu da yanayin rayuwar jama'a da sana'o'insu. Sakataren kwamitin da ya tsara ta shi ne Hans Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Da E. R. J. Hussey ya karɓi shugabancin ilimi na Nijeriya a 1929 aka tsara makarantun elementare da na midil, elementare ana koyarwa da Hausa a yawancin lardunan Arewa, kuma cikin abin da ake koyarwa har da sanin tsirrai da dabbobi, da kiwon lafiya, da aikin lambu ko gonar makaranta. Bai kamata mu yi wa wannan manufa ado ba. Wani ɓangare nata tsoro ne, tsoron kada a samu masu ilimi irin na Legas waɗanda za su ƙi fartanya su nemi kujera da siyasa. An so yaro ya san gona domin ya zauna a gona. Amma manufar ta tilasta wa hukuma abin da ya fi ƙarfin niyyarta, wato samar da littattafai da harshen yaran. Hukumar Fassara da aka kafa a Kano aka mayar da ita Zariya, ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ita ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ita kuma ta ɗauko Malam Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Midil ta Katsina ya zo ya rubuta wa makarantu littafin karatu.

Ya dace a tsaya a kan Magana Jari Ce, domin shi ne littafin da ya fi kowane shiga hannun yaran wannan zamani. Ya fara fitowa a 1937, don haka ba littafin yaƙi ba ne, amma 'yan makarantar da suka fara karanta shi su ne 'yan makarantar yaƙi. Dubi yadda aka gina littafi na ɗaya. Sarki ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, waziri yana ƙulla makirci da abokan gaba, yaron kuma zuciyarsa ta tafi fagen daga, kullum yana shirin fita. Wanda ya tsare shi ba dogari ba ne, tsuntsu ne, aku, da labari bayan labari har gari ya waye. Wato a daidai shekarun da ake bin ƙauyuka ana neman samari su shiga soja, littafin da ya fi farin jini a aji yana nuna wa yaro cewa akwai wani jarumtaka a cikin haƙuri da sauraro, kuma haɗarin da ya fi kusa da ƙasa yana iya kasancewa a cikin fada. Ba na da'awar Imam ya yi haka don ya yi wa hukuma zagon ƙasa, tunda ya rubuta littafin kafin yaƙin ya ɓarke a Turai, kuma da yaƙin ya zo ya goyi bayan Ingila a fili. Abin lura kawai shi ne littafin da ya gina wa yaran son karatu bai ɗaure wannan so da Sarkin Ingila ba. Duniyarsa ta sarakuna ce da alƙalai da fatake da manoma da namun daji, duniyar da yaron ya sani ko yake jin labarinta a gida, ko da kuwa wasu labaran daga Gabas ko Turai aka ɗauko tushensu. Dabbobin da ke ciki na hikaya ne, suna magana suna wayo, ba na nazari ba ne. Amma sun riƙe wa yaro ƙofar daji a buɗe, har malamin kimiyya ya zo ya shigar da shi. Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, wanda shi ma Imam ya rubuta domin 'yan makaranta, ya ƙara matsawa da su zuwa ga sanin abubuwan duniya na zahiri.

Darasin biyayya kuwa jarida ce babbar hanyarsa. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Imam yana editanta na Hausa, kuma cikin dalilan kafa ta har da toshe jita-jitar da ake yaɗawa cewa za a miƙa wa Jamus ƙasashen Afirka. Da yaƙi ya ɓarke ta zama babbar kafar labarinsa da Hausa, aka kuma ƙara mata ƙananan takardun labari irin su Suda. Tana shiga makarantu, malamai suna karantawa, mai karatu ɗaya yana karanta wa mutum goma a zaure. Ga Ranar Daula kowace 24 ga Mayu, da fareti da tuta da taken Sarki, ga asusun cin nasarar yaƙi da aka buɗe a 1940, wanda sarakuna suka zuba wa kuɗi daga baitulmalin En'e har aka sayi jiragen yaƙi. Yaƙin bai yi nisa sosai ba kuwa a shekarun farko, domin Nijar tana hannun gwamnatin Faransa mai bin umarnin Jamus har zuwa ƙarshen 1942, filin jirgin saman Kano kuma zango ne na jiragen da ake kaiwa Masar.

Shekarar 1942 ce ta haɗa darussan biyu a wuri ɗaya. Da Japan ta ci Malaya, Singafo ta faɗi a Fabrairun wannan shekara, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza da roba da man girki, sai ta juyo kan Afirka ta Yamma. Aka matsa wa talaka ya ƙara noman gyaɗa da auduga, aka shiga daji neman itatuwa da kurangar da ke ba da ƙaron roba, aka kuma kafa dokar aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos, wanda mutane suka kira diban gwamna, ya ci daga 1942 zuwa 1944, ya kwashi dubun-dubatar majiya ƙarfi daga ƙauyukansu, da yawa suka mutu saboda sanyin tsauni da cuta da ƙarancin abinci. A wannan yanayi ma'anar sanin tsiro ta sauya. Gyaɗa ta tashi daga tsiron da ake tono saiwarsa a nuna wa yaro 'yan ƙulle-ƙullen da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, ta koma gudummawar yaƙi da ake aunawa da tan. Kuma a daidai wannan lokaci aka sha ƙarancin hatsi a sassa da dama na Arewa, saboda ƙarancin ruwa da kwashe ma'aikata da sayen hatsi na dole domin ciyar da soja da 'yan haƙar kuza. Yaron da aka koya wa cewa gona tana bukatar hutu da sauyin shuka, aka kuma koya masa lissafi, in ya je hutu gida zai ga an rage gonar gero an faɗaɗa ta gyaɗa, rumbu kuma ya yi ƙasa tun kafin bazara. Babu wanda ya rubuta masa wannan a littafi. Kayan aikin da zai gane shi da su ne aka ba shi a aji.

Ba a Nijeriya kaɗai aka yi irin wannan haɗi ba, kuma kwatanci zai fito da abin da ya bambanta namu. A Ingila a 1917 an sa 'yan makaranta tsintar 'ya'yan wata bishiya domin haɗa sinadarin da ake bukata wajen yin albarushi, a yaƙi na biyu kuma suka riƙa tsinko 'ya'yan wardin daji ana dafa su a yi wa jarirai abin sha mai gina jiki, tunda lemo ya daina shigowa. A Amurka an kafa rundunar lambun makarantu a 1918, sannan a 1944 aka baza yara cikin saura suna tara audugar wani tsiro ɗan'uwan tumfafiya domin cusa rigunan da ke hana sojan ruwa nutsewa, saboda audugar rimi da ake kawowa daga Jawa ta faɗa hannun Japan. A duk waɗannan wurare yaro yana koyon sunan tsiro da lokacin nunarsa, yana kuma jin cewa yana taimakon ƙasarsa. Sarƙar ba ta da gurbi: jejin nasu ne, sojan yayansa ne, gwamnatin kuma ubansa ne ya zaɓe ta. Ɗan Kaduna yana da biyun farko. Jejin nasu ne, sojan da ke Bama ma yayansa ne. Na ukun ne babu, kuma wannan gurbi ne ya sa biyayyar da aka gina a nan ta zama gini a kan rairayi. Sojan kansu sun san cewa tutar Ingila ita kaɗai ba ta isa ta riƙe zuciyar ɗan Afirka ba. Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma gizo-gizo ta ɗauka alamarta, gwanin wayon tatsuniyoyin Afirka ta Yamma wanda Bahaushe ya sani da Gizo, ta 82 kuma gammo da mashi biyu. Da aka zo neman abin da soja zai mutu a ƙarƙashinsa, sai da aka koma ga abin da ya sani tun yana yaro.

Me ya sa darasin halitta ya kama? Na farko, ana iya gwada shi. In malami ya ce gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ɗan Katsina ko ɗan Sakkwato da ke aji ya riga ya gani, abin da yake nema shi ne dalili. In aka ce tsando ke kawo ciwon barci ga mutum da sammore ga shanu, kuma yana fakewa a inuwar kurmin bakin rafi, to ga aikin Anchau a lardin Zazzau da aka fara a 1937 aka ci gaba da shi cikin yaƙi, inda aka sassare kurmin rafuka, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon gari aka kira shi Takalafiya. Wannan aiki, wanda masanin ƙwari T. A. M. Nash ya yi fice a cikinsa, yana da nasa tilas da nasa ɗaci ga waɗanda aka tasa daga kufansu, amma sakamakonsa abu ne da ake gani, cutar ta ragu. Bayan yaƙi aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta Afirka ta Yamma a Kaduna, wadda magajiyarta take Unguwar Rimi har yanzu. Na biyu, darasin ya sami gurbin da ya riga shi zama. Yaron da ya zo elementare yawanci ya bi ta makarantar allo, ya taso cikin al'ummar da ke kallon ruwan sama da tsiro da dabba a matsayin ayoyin Mahalicci. Da East da Imam suka zo rubuta babban littafinsu na labarin halittu, wanda ya fito bayan yaƙi, Ikon Allah suka sa masa suna, suka jingina kimiyyar da imanin mai karatu. Ko an ce dabara ce ta kawar da ƙyamar da iyaye ke yi wa boko, dabarar ta nuna inda marubutan suka san zuciyar mai karatunsu take. Ba su jingina rana da wata da ƙudan zuma da Sarkin Ingila ba, domin sun san ba zai ɗauku ba.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin abin da ɗaliban suka yi da iliminsu. Alhaji Shehu Shagari ya yi Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944, tsakiyar yaƙi ke nan, ya fito ya zama malamin kimiyya a Midil ta Sakkwato. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya domin ya sauƙaƙa wa ɗalibansa sanin ƙasarsu, garuruwanta da kogunanta da jama'arta. Ga haɗin nan dai da hukuma ta so, sanin ƙasa da son ƙasa cikin abin karatun yara, amma an sauya wanda ake yi wa. Shekara uku kacal da gama yaƙi, malamin da aka horar a ƙarƙashin tutar daula ya zauna ya rubuta wa yara abin haddacewa, kuma Nijeriya ya sa a tsakiya. Malam Aminu Kano, wanda ya gama wannan kwaleji a 1942, ya tafi Bauchi koyarwa, inda shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka raya majalisar taɗin da ta fara yi wa mulkin En'e tambayoyin da ba a saba ji ba. Zungur kansa ta hanyar kimiyya ya bi, ya yi karatu a Babbar Kwalejin Yaba, ya koyar a makarantar kiwon lafiya a Zariya, kuma da sojoji suka dawo daga Bama ya tarbe su da Maraba da Soja, waƙar da ta ɗauki yabon soja ta kai shi ga zancen 'yanci. Imam ma, da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilimi, ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Nnamdi Azikiwe ya shirya, amma ya zauna da tsohon Gwamna Lugga ya zayyana masa koke-koken Arewa. A Yunin 1949 kuma, a nan Kaduna, Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta na farko, shugabanta likita ne, Dokta R. A. B. Dikko.

Akwai masu cewa wannan duk ƙari ne, domin yaran da ke makarantar boko a Arewa a lokacin ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da na makarantun allo, balle waɗanda suka kai kwaleji. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce littafin elementare ne ya sauya tunanin talakan Arewa a 1945 ya wuce gona da iri. Sai dai takardar nan ba a kan yawa take magana ba. 'Yan kaɗan ɗin nan su ne suka zama malaman da suka koyar da na bayansu, su suka rubuta littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, su suka zauna a majalisar da ke Zauren Lugga. Abin da ya shiga kansu suna yara ya bazu fiye da adadinsu. Wasu kuma za su ce kishin waɗannan mutane daga wani wuri ya zo, daga jaridun Legas irin ta Azikiwe, daga Yarjejeniyar Atlantika ta 1941 da ta yi alkawarin kowace al'umma za ta zaɓi mai mulkinta, daga gadon Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da rubuce-rubucen masu jihadi a kan adalci. Wannan ma ban musa ba, a wurin Zungur da Aminu Kano ma gadon jihadi ya fi komai nauyi. Amma waɗannan kafofi sun ba su hujjar ƙin zalunci ne da harshen neman 'yanci. Ba su gaya musu mece ce wannan Nijeriya da za a 'yantar ba, ina ta fara ina ta ƙare, me take nomawa, wane kogi ya haɗa Adamawa da Neja. Ƙasa ce da aka haɗa a 1914, ba ta da tatsuniya ɗaya ko sarauta ɗaya. Taswira da darasin ƙasa da na halitta ne suka ba ta jiki a idon ɗalibi, shi ya sa da Shagari ya so koyar da ita ta wannan hanya ya bi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta uku. Ana cewa son ƙasa da aka gina a kan gona da kogi da bishiyar gida yana iya ƙanƙancewa ya zama ƙyamar baƙo. Jamus ta ba da misali mai ban tsoro, inda darasin sanin mahaifa, wanda ya daɗe a makarantunsu, 'yan Nazi suka karkatar da shi ya zama da'awar cewa jini ɗaya ne kawai ke da haƙƙin ƙasar. Mu ma a Kaduna ba baƙin wannan ciwo ba ne, tunda rikicin 2000 da na 2002 sun sa kogin ya zama iyaka a zukatan mutane, Musulmi suka tattaru a arewa, Kirista a kudu, kuma kalmar ɗan asali da baƙo ta sha jawo zubar da jini a jihar. Ban ɗauki wannan suka da wasa ba. Amma ina ganin abin da ya lalata darasin Jamus shi ne an daina kallon halitta, aka mayar da ita tuta. Wanda ya bi kogin Kaduna da idon nazari ba zai same shi na wata ƙabila ba. Daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasashen al'ummu masu harsuna dabam-dabam, ya raba garin nan biyu, ya juya injinan Shiroro, ya gangara ƙasar Nufe ya faɗa Neja. In ya yi ambaliya ba ya tambayar addinin mai gida a kowace gaɓa, dattin da aka zuba masa a sama kuma na ƙasa ke sha. Sahihin darasin halitta kullum yana fitar da yaro daga unguwarsu ne, domin ruwa da tsuntsu da cuta ba su san iyaka ba. Shamuwar da ke sauka kan rufin makaranta da farkon damina daga kudancin nahiyar nan ta taso.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sake kawo bukatar koya wa yara kishi, a wannan karo na Nijeriya ɗaya, kuma Rediyon Kaduna da jaridar New Nigerian suka ɗauki nauyin kiran. Ana cikin yaƙin, a 1969, aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, wanda ya share fagen manufar ilimi ta 1977. A nan ne, a ganina, aka yi asara ba tare da an lura ba. Tarbiyyar ɗan ƙasa ta koma cikin darasin nazarin zamantakewa, sanin halitta ya koma cikin kimiyyar firamare, kowanne da littafinsa da malaminsa, galibi kuma da Turanci. A 1976 aka ƙara da alkawarin biyayya da yara ke karantawa a layi kowace safiya. Sai kishi ya koma hadda, kimiyya ta koma kwafar allo, gonar makaranta kuma a yawancin makarantun cikin gari aka yanka ta aka yi azuzuwa ko shaguna. Wato bayan samun 'yanci mun riƙe rabin da ya gaza a hannun Turawa, na faɗa a maimaita, muka saki rabin da ya yi aiki.

Yaran Kawo da Unguwar Sarki da Malali da Tudun Wada da Rigasa su ma yau 'yan makarantar lokacin yaƙi ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba. A Maris na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka, kusa da makarantar horar da hafsoshin soja, a Maris na 2024 kuma aka kwashe yara fiye da ɗari daga makarantar Kuriga. Yaron da ya taso yana jin waɗannan labarai, daji a wurinsa maɓoyar ɓarayi ce kawai, kuma babu malamin da zai yi gangancin fita da aji bayan gari. Za a rubuta wa waɗannan yara littattafan kishin ƙasa, an ma fara, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a cika su da tuta da kaki da jerin sunayen shugabanni. Tarihin da muka bi ya nuna iyakar abin da wannan zai iya yi. Abin da ya rage a hannu shi ne halittar da ke cikin gari, kuma ba kaɗan ba ce: dalbejiya da mangwaro da maɗacin da ke bakin tituna, jemagun da ke fita da magariba, lambunan bakin kogi, kwatamin da ke haifar da sauron da ke kwantar da ƙannensu. Littafin Hausa na aji huɗu da zai bi ruwan famfon gidansu ya kai shi kogi, ya bi kogin zuwa mafarinsa da maƙurarsa, ya ambaci mutanen da ke zaune a kowace gaɓa da sunayen da suke kiran kansu, zai iya fitowa daga garin nan. Cibiyar Malamai ta Ƙasa tana nan tun 1976, Gidan Arewa yana Titin Rabah, Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke riƙe da fayilolin sashen ilimi na Arewa tana Titin Yakubu Gowon, masana ƙwari kuma suna Unguwar Rimi. Aikin farko da ke gaban manazarta shi ne su zauna da waɗannan fayiloli da tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo na 1939 zuwa 1945, su fitar da darussan aji ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne aka rubuta domin tan ɗin gyaɗa, wanne kuma aka rubuta domin yaron.